Shawara Bayan An Gama Ciniki

Ran 19 ga watan Maris na shekarar 2014, wata minista a gwamnatin jihar New South Wales ta ƙasar Ostareliya, mai suna Pru Goward, ta tara ƴan jarida a birnin Sidni, ta ce gwamnati za ta sayar da gidaje 293 waɗanda take ba talakawa haya a unguwar Millers Point da kewayenta. Ta ce cikin shekara biyu za a kwashe dukan waɗanda ke ciki a kai su waɗansu unguwanni. Mutum fiye da 400 abin ya shafa. Da yawansu tsofaffi ne, waɗansu kuwa a unguwar aka yanke musu cibiya, haka iyayensu, haka kakanninsu. A wannan rana kuma gwamnati ta fito da rahoton binciken da ta sa aka yi domin a ji bakin mutanen unguwar. Mai karatu ya lura da wannan: hukunci da rahoton da ya kamata jama'a su karanta kafin a yanke hukuncin, rana ɗaya suka fito.

Gwamnati tana da ikon sayar da abin da ke hannunta, ban yi gardama da wannan ba. Abin da nake suka shi ne yadda ta yi da kalmar shawara. Mun san irin wannan a gidajenmu. Maigida ya riga ya karɓi goron ƴarsa, ya sa rana, sa'an nan ya aika a kira ƙannensa ya ce ya tara su domin su ba shi shawara. Su zo, a shimfiɗa tabarma, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, a yi addu'a a watse. Wanda ya ce yaron bai dace ba, an saurare shi da ladabi, ba wanda ya katse shi. Amma goro yana cikin ɗaki tun jiya. Daga baya in aure ya lalace, maigida ya ce ai da sanin kowa aka yi. Ƙannen nan an cuce su sau biyu, gama an hana su faɗa a ji, an kuma ɗora musu rabin laifin.

Bari mu fara da unguwar kanta, domin wanda bai san yadda gidajen suka zo hannun gwamnati ba, ba zai gane abin da aka ƙwace ba. Millers Point tana bakin tashar jiragen ruwa ta Sidni, a gindin babbar gadar nan da ake gani a hotuna. Unguwar ƴan dako ce da ma'aikatan jirgi. A watan Janairu na 1900 annobar da ɓeraye ke kawowa ta ɓulla a birnin, mutumin da ta fara kamawa kuwa mazaunin unguwar ne. Kafin shekara ta ƙare ta kashe mutum 103. Gwamnati ta ɗauki wannan dalili ta karɓe bakin ruwan duka da gidajen da ke bayansa, ta rushe waɗansu, ta kafa hukumar tashar jiragen ruwa a 1901 ta damƙa mata sauran. Hukumar tana bukatar ƴan dako kusa da aiki, gama jirgi yakan iso da tsakar dare, saboda haka ta gina musu gidaje ta ba su haya. A 1936 wata hukumar ta gaje ta, al'adar kuwa ba ta sake ba: in uba ya mutu, ɗa ko ƴa ke ci gaba da biyan haya a gidan. Da haka aka sami iyalai waɗanda suka yi zuriya huɗu ko biyar a layi ɗaya. Sai cikin shekarun 1980 aka mai da gidajen hannun ma'aikatar gidaje ta jiha, wadda ta shiga sa mutane daga jerin masu jiran gida, gadon haya kuma ya yi ta raguwa.

Akwai wani abu da gwamnatin jihar ta rubuta da hannunta. A 2003 ta sa unguwar duka cikin rajistar wuraren tarihi, kuma cikin dalilan da aka bayar har da jama'ar da ke zaune a wurin, watau zumuncinsu da daɗewarsu. Shekara 11 bayan haka sai aka ce duwatsu da katako za su zauna, mutane su tashi.

Ba wannan ne karo na fari da aka so tashin talakawan wannan gefen gari ba. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta shirya rushe unguwar da ke maƙwabtaka da su, wadda ake kira The Rocks, domin a gina dogayen benaye na ofisoshi da otal. Mazauna wurin suka rubuta takardu, suka je ofis-ofis, ba wanda ya kula su. Sai suka tafi wurin ƙungiyar leburorin gini, wadda Jack Mundey ke shugabanta. Leburori suka ce ba mai ɗaga guduma a unguwar sai an daidaita da masu zama a ciki. Tun daga ƙarshen 1971 aiki ya tsaya. A watan Oktoba na 1973 ƴan sanda suka kama Mundey da waɗansu a wurin. Mutanen unguwar ba su tsaya ga cewa a'a kaɗai ba, suka zauna da masana zanen gari suka fito da nasu tsarin. Ƙarshenta gwamnati ta sauko. Ɗaya daga cikin abin da wannan gwagwarmaya ta haifa shi ne wani bene mai gidaje 79 da ake kira Sirius, wanda Tao Gofers ya zana, aka gama shi wajen 1980, domin waɗanda aka tasa su sami wurin komawa cikin unguwarsu. An yi shi da ɗakunan tsofaffi da na masu iyali, da na'urar hawa bene, da zauren taro. Ta tagoginsa ana hangen teku da gada da babban gidan waƙe-waƙen nan mai rufi kamar filafilan jirgi. Wannan hange shi ya zama laifinsa daga baya.

Abin lura a nan shi ne, a wancan karo ba kirkin gwamnati ya sa aka saurari mutane ba. An saurare su domin akwai wanda zai iya tsai da aiki. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu sake bukatarsa.

Da aikin tashar ya koma wani wuri, filin bakin ruwa ya zama zinariya. Aka ba wa wurin suna Barangaroo, aka shirya manyan benaye da otal da gidan caca, bango ɗaya da gidajen ƴan dako. Kada a ɗora wa jam'iyya ɗaya laifin, gama gwamnatin Leba ce ta fara taɓa gidajen a 2008, sa'ad da ta sayar da hayar shekara 99 ta gidaje 16 waɗanda ba kowa a ciki. Abokan hamayyarta suka hau mulki a 2011. A ƙarshen 2012 suka ce suna duba ko za a sayar da sauran, amma za a fara binciken abin da sayarwar za ta jawo wa jama'a. Aka ɗauko wani kamfani mai wannan aiki. Cikin 2013 ma'aikatansa suka shiga unguwar, suka yi taro, suka zauna da tsofaffi suka rubuta abin da suka ce.

Masu binciken sun yi aikinsu da gaskiya, a ganina. Sun rubuta cewa tayar da tsoho daga inda ya yi dukan ransa yana iya karya lafiyarsa. Sun ba da shawara a bar waɗansu gidaje a unguwar domin tsofaffi da waɗanda suka daɗe, a kuma yi amfani da wani kashi na kuɗin a gina sababbi a nan kusa. Gwamnati ta karɓi rahoton, ta ajiye, ta yanke a sayar da duka. Benen Sirius ma ba ya cikin abin da aka bincika, ba wanda ya tambayi mazaunansa kome, amma ran 19 ga Maris sai suka ji sunan gidansu cikin jerin. Bayan ƴan watanni jaridar Sydney Morning Herald ta sami rubutun farko na rahoton, ta nuna cewa gargaɗin da ke ciki, na cewa tayar da tsofaffi yana ƙara haɗarin mutuwa, an sassauta shi kafin a fitar wa jama'a.

To, me ya sa aka yi binciken? Wannan tambaya ce ta fi damuna. Da gwamnati ta fito fili ta ce ta yanke shawara, ba ta neman ra'ayin kowa, da mutane sun san inda suka tsaya, sun fara neman lauya da ƴan majalisa tun 2012. Amma sai aka ba su shekara guda suna zuwa taro, suna cika takarda, suna tsammani maganarsu tana da nauyi. Tsohuwa ta buɗe wa baƙo ƙofa, ta gaya masa wanda ke kai ta asibiti, da wanda ke leƙo ta da safe in bai ga ta buɗe labule ba. Ta ba da sirrin zamanta domin tana zaton zai tsare ta. Abin da ya fito daga ciki shi ne gwamnati ta sami damar cewa an tuntuɓi jama'a. Ni ina ganin irin wannan taro ya fi rashin taro muni, gama yana cinye lokacin da mutane za su yi amfani da shi su kare kansu, yana kuma koya musu cewa zuwa taro wauta ce. Gobe in an kira su domin abin da za a saurare su da gaske, ba za su zo ba.

Bayan sanarwa ma an ci gaba da amfani da kalmomi masu daɗi. Aka ba kowane gida jami'in da zai taimake shi ƙaura. Aka ce kowa yana da zaɓi: za a nuna masa gida sau biyu, in ya ƙi duka biyun, ana iya soke hayarsa. In gida mai kyau ya samu a kusa, sai a tara sunayen masu so a zaro ɗaya, har mutanen unguwar suka riƙa kiran abin caca. Maƙwabta waɗanda suka yi shekara 40 suna aron gishiri a hannun juna suka koma masu takara a kan ɗaki.

Yanzu bari in ba gwamnati haƙƙinta, domin hujjarta ba ta banza ba ce, wanda kuma ya yi kamar bai ji ta ba, bai yi adalci ba. Ministar ta ce iyalai wajen 57,000 ke jiran gida a jihar. Ta ce gidajen Millers Point tsofaffi ne, gyaransu na cin kuɗi, an kashe kusan dalar Ostareliya miliyan 7 a kansu cikin shekara biyu. Ta ce akwai gidan da rangwamen hayarsa ya kai dala 44,000 a shekara. In an sayar, ana sa ran samun wajen miliyan 500, a gina gidaje 1,500 a wuraren da fili ke da araha. Gidan farko da aka yi gwanjonsa a watan Agusta na 2014 ya tashi kusan dala miliyan 2. Mace mai ƴaƴa uku da ke kwana a mota tana da ikon tambaya: don me mutum ɗaya zai zauna a gidan miliyan biyu ni kuwa ina waje? Duk mai tausayi zai ji nauyin wannan tambaya.

Amma a duba lissafin da kyau. Dala 44,000 ɗin nan ba kuɗi ne da aka ƙirga aka ba wani ba. Mai haya a gidan gwamnati yana biyan wajen kashi 25 cikin ɗari na abin da yake samu. Abin da ake kira rangwame shi ne tazarar da ke tsakanin wannan da abin da attajiri zai biya a kasuwa. Watau in masu kuɗi suka yi sha'awar unguwarka, farashi ya hau, sai a wayi gari a ce gwamnati tana kashe maka dubbai, alhali kai ba abin da ya ƙaru a tukunyarka. Da wannan ma'auni ba talakan da zai zauna a wuri mai kyau ko'ina a duniya, gama duk inda ya yi kyau sai a ce ya fi ƙarfinsa. Batun gyara kuma, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mazauna sun yi shekaru suna kai kukan rufi da tsatsa ba a zo ba, gidaje da dama kuma an bar su a rufe ba kowa har suka lalace. Mai gidan da ya ƙi gyara, bai kamata ya kawo lalacewar gidan ta zama hujjar korar ɗan haya ba.

Sa'an nan su iyalai 57,000 ɗin da aka yi ta ambata, wa ya tambaye su? Ba a tara su ba, ba a ce musu ga hanya biyu ko uku, wacce kuka gani. An ɗauki sunansu ne aka rufe bakin waɗansu talakawa da shi. Hanya kuwa ba ɗaya ba ce. Mutanen unguwar da magajiyar garin Sidni, Clover Moore, da waɗansu masana tattalin arziki sun kawo wata: a sayar da manyan gidajen nan masu tsada, musamman waɗanda ba kowa a ciki, a bar ƙananan da aka gina domin ma'aikata, a bar Sirius, tsofaffi su ƙarasa kwanakinsu a inda suka saba. Da an bi wannan, da kuɗi masu yawa sun shigo duk da haka. Gwamnati ta ce ba zai yiwu ba. Sai ga shi a watan Nuwamba na 2015 wani sabon minista, Brad Hazzard, ya keɓe gidaje 28 domin waɗansu su zauna. Ashe yana yiwuwa. Amma a lokacin yawancin mutane sun riga sun tashi, abin ya zama ihu bayan hari.

Labarin Sirius yana da wani abin mamaki. Masu zanen gini suna ƙaunar benen saboda irin gininsa na kankare tsirara, suka haɗa kai da mazauna suka nemi a sa shi cikin rajistar tarihi. Majalisar da ke duba wannan ta yarda baki ɗaya. A watan Yuli na 2016 minista Mark Speakman ya ƙi, ya ce sa shi a rajista zai rage kuɗinsa da wajen dala miliyan 70. Aka tara kuɗi aka kai ƙara. A watan Yuli na 2017 kotu ta ce ministan bai bi doka ba, a sake dubawa. Wadda ta gaje shi, Gabrielle Upton, ta sake dubawa a watan Oktoba, ta sake ƙi. Ta ƙarshe da ta rage a benen wata tsohuwa ce mai shekara 91, idonta ya kusa rufewa, ita kaɗai a hawa na goma da masu gadi a ƙasa. Ta fita a farkon 2018. A watan Yuni na 2019 aka sayar da benen dala miliyan 150.

A lura da abin da aka kai kotu. Ƙarar a kan kankare ce. Doka ta tanadi majalisa mai duba darajar gini, ta tilasta wa minista ya ba da dalili, ta buɗe ƙofar kotu in dalilin bai yi ba. Mutanen da ke cikin ginin ba su da irin wannan ƙofa. Ba dokar da ta ce sai an sami yardarsu, ko sai an amsa abin da suka faɗa a rubuce kafin a sa hannu. Shi ya sa masu neman ceton tsofaffi suka koma suna roƙo da sunan bango.

Wani zai ce haka duniya take, gwamnati ba ta iya tsayawa tambayar kowa. Bari mu leƙa Jamus, inda birane biyu suka fuskanci abu ɗaya cikin shekara ɗaya. A watan Maris na 2006 majalisar birnin Dresden ta sayar da dukan gidajenta na haya, wajen 48,000, ga wani kamfanin Amurka mai suna Fortress, a kan Yuro miliyan 1,700, watau sama da miliyar 1,100 na kuɗin sefa. Masu adawa sun yi ƙoƙarin tara sa hannu domin a kai maganar gaban jama'a, ba su kai adadin da doka ta nema ba. Birnin ya biya bashinsa kaf, aka yi ta yabonsa. An rubuta sharuɗɗan kare ƴan haya cikin yarjejeniyar, amma a 2011 birnin ya kai masu gidajen ƙara a kan karya su, aka sasanta a 2012. A 2017 kuma Dresden ta kafa sabon kamfanin gidaje nata, ta fara daga farko, gama ta ga birni ba ya zama ba shi da inda zai sa marasa ƙarfi.

Magajin garin Freiburg, Dieter Salomon, ya ga abin da Dresden ta samu, shi ma bashi ya dame shi, ya ce zai sayar da gidajen birninsa, wajen 8,000. Majalisar birni ta goyi bayansa. Amma dokar jiharsu ta ce in mutanen gari suka tara isasshen sa hannu, tilas a yi ƙuri'a, abin da ƙuri'ar ta yanke kuma ya ɗaure majalisa shekara uku. Suka tara. Ran 12 ga Nuwamba na 2006 aka jefa ƙuri'a, kashi 70 cikin ɗari suka ce kada a sayar. Ba a sayar ba. An yi ta tsoratar da su cewa birnin zai durƙushe, makarantu za su rasa gyara. Birnin bai durƙushe ba, kamfanin gidajen yana hannunsa har yau. Magajin garin ma bai rasa kujerarsa a kan wannan ba, an sake zaɓensa a 2010.

Kada a ɗauka cewa duk inda aka tambayi mutane sai su ce a'a. A Birtaniya, in ƙaramar hukuma tana so ta miƙa gidajenta ga wata ƙungiya, ba a yarda sai an ga yawancin ƴan haya ba su ƙi ba, saboda haka akan yi ƙuri'a. A watan Afrilu na 2002 birane biyu suka yi tasu kwana kaɗan tsakani. Ƴan hayar Glasgow, masu gidaje wajen 80,000, suka yarda da kashi 58 cikin ɗari. Na Birmingham suka ƙi, biyu bisa uku. Ba zan ce ƙuri'ar Glasgow tsarkakakkiya ce ba, gama an gaya musu cewa sai sun ce i za a yafe bashin gidajen a sami kuɗin gyara, wanda rufinsa ke zuba kuwa ba ya dogon tunani a kan irin wannan tayi. Duk da haka, da yake ana bukatar yardarsu, sai da aka zo musu da alkawari a rubuce: ga abin da haya za ta zama, ga gyaran da za a yi, ga shekarun da zai ɗauka. Mai neman yardarka yakan zo da abu a hannu. A Millers Point ba wanda ya bukaci yardar kowa, saboda haka ba a zo da kome ba sai motar kwasar kaya.

Akwai gardama ɗaya mai ƙarfi da ta rage. In an ce ƴan haya su yanke, ai kowa kansa zai so, wanda ke ciki zai rufe ƙofa ga wanda ke waje. Gaskiya ne, gidan gwamnati ba na mai zama a ciki kaɗai ba ne, da kuɗin kowa aka gina shi, har da na wanda ba a haifa ba tukuna yana da rabo a ciki. Amma wannan hujja tana neman a faɗaɗa da'irar waɗanda za a tambaya ne. A Freiburg dukan masu zaɓe na birni aka tambaya, mai gidan kansa da ɗan haya da mai jiran gida, yawancinsu kuwa ba sa zaune a gidajen da ake magana a kai. Su ne suka ce a bar su. In kuwa dukiyar ta kowa ce har ɗan haya bai isa ya yanke shi kaɗai ba, yaya minista ɗaya da ƴan majalisar zartarwa za su isa? Minista yakan yi shekara biyu ko uku a kujera. Ita Pru Goward, wata guda bayan sanarwar aka sauya mata ma'aikata. Fili a tsakiyar birni kuwa in ya fita hannun jama'a, ba ya dawowa, gama ba gwamnatin da za ta iya sayensa kuma.

Mu ma a wannan yanki ba baƙin abin ba ne. A Abuja, daga 2005, zamanin Shugaba Obasanjo da ministan birnin Nasiru El-Rufa'i, gwamnatin Nijeriya ta sayar da dubban gidajen da ma'aikatanta ke ciki. Can an ba ma'aikacin da ke zaune a gida damar fara saye, abin da ba a ba mutanen Millers Point ba, ko da yake ƙaramin ma'aikaci da ba shi da abin biya, damar ba ta amfane shi da kome ba. Wanda kuma ya taɓa zama a taron da aka kira domin tashin kasuwa ko yanka filaye a garuruwanmu ya san yadda akan yi: manya a kan kujeru, jawabi, tafi, a ce akwai mai tambaya, mutum biyu su yi magana, a rubuta sunayen waɗanda suka halarta. Takardar sunayen nan ita ake bukata. In aka kira mu irin wannan taro, ya kamata wani ya miƙe tun da fari ya yi tambaya cikin ladabi: ranka ya daɗe, an riga an sa hannu ko ba a sa ba? In muka ce a'a, me zai faru? Wa zai amsa mana, a rubuce, kafin wace rana? Amsar da za a bayar ita za ta nuna ko a zauna ko a koma gona.

Gidajen Millers Point sun yi kuɗi fiye da yadda aka zata. Gwamnati ta ce ta gina sababbin gidaje fiye da 1,000 da kuɗin, yawancinsu a unguwannin bayan gari da waɗansu garuruwa, iyalan da suka shiga cikinsu kuwa sun sami alheri na gaske. A 2022 masu jiran gida a jihar sun haura 50,000 har wa yau. Wani malamin jami'a, Alan Morris, ya bi waɗanda aka tasa ya yi hira da su, ya fitar da littafi a 2019. Waɗansu sun gaya masa sun ji daɗin sabon wuri, ba matakala, ba yoyo. Da yawa sun ba shi labarin kaɗaici da rashin barci da baƙin ciki irin na wanda aka yi wa mutuwa. Jack Mundey, wanda ya fito da tsufansa ya yi tafiya tare da masu neman a bar Sirius, ya rasu a 2020. An gyara benen, an mai da shi gidajen masu hali. A layukan da ƴan dako suka zauna, gidaje da dama sun koma masaukin baƙi masu yawon buɗe ido, waɗanda ke kama ɗaki ta Airbnb kwana biyu ko uku, su ɗauki mabuɗi a wani ɗan akwati da ke rataye a bakin ƙofa.